Daren da muka yi wa sabar imel faci a Gombe

Saboda waya aka kira ni. Alhaji, mai kamfanin, ya gaji da buga wa sakatarensa waya duk lokacin da yake Kano ko Legas don a karanta masa takardar da banki ya turo. "Injiniya," in ji shi, "abu ɗaya nake so. In imel ya shigo ofis, in gan shi a wayata." A watan Mayun 2022 ke nan, bayan Ƙaramar Sallah, kafin damina ta kankama.

Kamfanin yana cikin garin Gombe. Taki da iri da maganin feshi yake sayarwa, yana kuma sayen masara da wake a hannun dillalan Tudun Hatsi. Yana da rassa a Kumo da Bajoga da Billiri, da sito a hanyar Dadin Kowa. Masu akwatin imel ba su cika 150 ba, amma duk wata takardar kuɗi, da odar taki, da yarjejeniya da masu kawo kaya, ta cikin imel ɗin nan take bi.

Sabar, wato na'urar da ke karɓa da ajiye imel ɗin kamfanin, kwamfuta ɗaya ce tal, a wani ɗan ɗaki bayan ofishin akanta. Exchange Server 2016, manhajar imel ta Microsoft, ke kanta, bisa Windows Server 2016. An kafa ta a ƙarshen 2019 da sabuntawar CU14, wadda ta fito a Satumbar wannan shekarar, kuma tun ranar da wanda ya kafa ta ya tafi, ba wanda ya sake taɓa ta. Wasiƙun waje sukan fara biyawa ta wani kamfanin tace saƙonni kafin su shigo ta ƙofa ta 25 (ƙofofin da ake shiga saba ta intanet lamba gare su), rassa kuma ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar kamfanin, suke shigowa. Ƙofa ta 443, wadda waya da burauza ke bi, a rufe take daga waje.

Rufin ƙofar nan shi ya yi musu rana a 2021. Ranar 2 ga Maris na shekarar, Microsoft ta fitar da faci, wato gyaran manhaja, na gaggawa saboda ramukan tsaro huɗu da aka gano a Exchange, waɗanda aka fi sani da ProxyLogon, ta kuma ce wata ƙungiyar masu kutse da ta kira Hafnium tana amfani da su. Cikin 'yan kwanaki aka shiga dubban sabobi a duniya. A Agusta aka sake samun wasu, ProxyShell. Duka ta ƙofa ta 443 ake bi. Abin da Alhaji ke nema kuwa, a buɗe wannan ƙofar ne a kan sabar da ba ta ga faci ba shekara biyu da rabi.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, za a yi. Amma in na buɗe ta yau kamar yadda take, kafin mako ya zagayo wani zai riga ka karanta wasiƙunka. Sai an fara ɗaga ta zuwa sabuntawa ta ƙarshe."

Ya ce nawa ne, kuma kwana nawa. Na ce dare ɗaya, amma shiri zai ci mako biyu.

Injin da ke ƙarƙashi

Mutane sukan ɗauka imel ɗinsu yana zaune ne a saba kamar takardu a cikin durowa, kowanne da fayil ɗinsa. Ba haka Exchange ke yi ba. Duk akwatunan suna cikin ƙaton fayil guda mai ƙarshen suna .edb, shi ne rumbun bayanai, kuma akwai inji mai kula da shi da ake kira ESE, wanda tsofaffin ma'aikata suka fi sani da JET Blue. Ɗan'uwansa ne ke riƙe da rumbun Active Directory, wato rajistar ma'aikata da izininsu, a cikin Windows. Ko layin wasiƙun da ke jiran a isar da su, fayil ɗin mail.que, injin nan ne ke tafiyar da shi.

Hanyar da na fi bi wajen yi wa masu kamfani bayani ita ce in kai su Tudun Hatsi. Malamin da ke rubuta kaya ba ya buɗe babban littafi duk lokacin da aka sauke buhu. Jota ce a hannunsa, yana rubutawa da sauri: wane ya kawo goma, wane ya karɓi biyar. Sai ya samu sarari ya zauna ya juye a babban littafi, ya ja layi a jotar don ya san inda ya tsaya. Injin ESE haka yake. Kowane canji, ko shigowar wasiƙa ne ko gogewa ko matsar da ita zuwa wata jaka, sai ya fara rubuta shi a ƙananan fayilolin da ake kira log, kowanne megabayit 1 daidai, masu lamba a jere. Daga baya ne yake juyewa cikin .edb, shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 32. Layin da malamin ke ja shi ne ɗan fayil mai ƙarshen suna .chk.

In aka sauke rumbun cikin tsari, injin zai juye duk abin da ya rage, ya rubuta a kan fayil ɗin cewa ya rufu lafiya. In wuta ta yanke yana tsaka da aiki, babban littafin yana baya, sauran lissafin yana cikin jota. Wannan ba masifa ba ce, don haka aka tsara shi: da saba ta tashi zai koma jotar ya ƙarasa juyewa. Masifar tana zuwa ne in shafin jotar ya ɓata ko ya yage.

Wani abu kuma da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe: ba a yi wa injin rumbu faci shi kaɗai. A cikin sabuntawar Exchange yake zuwa. Iri biyu ce. Akwai SU, facin tsaro, wanda ke toshe ramuka. Akwai CU, wadda a gaskiya sabon Exchange ne sukutum: tana cire tsohon shiri ta kafa sabo, har da injin, ta bar rumbun a inda yake. Microsoft ba ta saba fitar da SU sai ga CU na baya-bayan nan, don haka wanda ke kan CU14 ba shi da hanya sai ya hau CU23, wadda ta fito a Afrilun 2022. CU kuma in ta hau ta hau. Ba a cire ta a koma ta da. In ka ce ka cire, Exchange ɗin gaba ɗaya ka cire.

Abin da na tarar

Rumbu biyu ne a sabar. Ƙarami, na ma'aikatan rassa, kusan gigabayit 90. Babba, mai ɗauke da akwatin Alhaji da na akanta da na masu sayen kaya, ya kai gigabayit 310. Shawarar Microsoft ga rumbun da ba shi da kwafi a wata saba ita ce kada ya wuce gigabayit 200, saboda in ya faɗi, girmansa ne zai yanke tsawon lokacin da za a yi ana jira.

Faifan da log ke taruwa ya kusa cika. Log wajen dubu 180 ne a jibge. Dalili kuwa, manhajar da suke yin kwafin ajiya da ita ba ta san Exchange ba. Ƙa'idar ita ce, in aka yi cikakken kwafin ajiya da manhajar da ta san yaren Exchange, sai ta shaida masa an kwashe, shi kuma ya share tsofaffin log da kansa. Tasu kwafar fayil kawai take yi, ta tsallake .edb don yana buɗe, ta rubuta cewa an gama. Shekara biyu da rabi ke nan ba su da kwafin imel ko ɗaya, kuma kowa yana barci da sakankancewar akwai.

Yaron da ke kula musu da kwamfutoci, wanda ya gama difloma bai daɗe ba, ya gaya mini yadda yake yi in faifan ya cika. "Oga, tsofaffin nake zaɓa in goge, sai wuri ya samu." Allah ne ya tsare bai taɓa goge wanda injin ke bukata ba. Ban yi masa faɗa ba, don ba wanda ya taɓa koya masa. Na zaunar da shi na nuna masa umarnin eseutil /mh, wanda ake duba halin rumbu da shi, da layin da ke faɗin log ɗin da rumbu ke bukata, na ce daga yau hannunsa kada ya sake taɓa wannan jakar.

Mako biyun shiri ga abin da suka ci. Na yi cikakken kwafin ajiya da Windows Server Backup, wanda ya san Exchange, log suka ragu da kansu. Na dawo da kwafin a matsayin rumbun ceto, na buɗe akwati uku na ga wasiƙu a ciki, domin kwafin da ba a gwada dawo da shi ba ni ban lissafa shi. Na bi sabar da manhajar binciken da Microsoft ta fitar bayan ProxyLogon, ban ga alamar an taɓa shiga ba. Na sa .NET Framework 4.8, wanda CU23 ke bukata. Na sauko da fayil ɗin CU ɗin, wanda ya haura gigabayit 6, dare biyu ina fama da netwok kafin ya kammala. Na kuma yi kwafin sabar Active Directory, don CU ɗin zai faɗaɗa tsarinta, shi ma kuma ba ya komawa baya.

Abu biyu ban duba ba. Batirin UPS, mai riƙe saba in wuta ta yanke, da saitin katin RAID, mai kula da rubutu a faifan sabar.

Sai maganar wuta. A shekarar nan dizal ya yi tsadar da ba a saba gani ba, kamfanin kuma ya kafa doka: ƙarfe goma na dare maigadi ya kashe janareta, komai ake yi. Da dare akan kashe sabar cikin tsari in babu wutar gari. Na roƙi Hajiya, babbar akanta, ta sa hannu a ba da man da zai kai ƙarfe biyu na dare ranar Asabar. Ta ce, "Injiniya, biyun nan ta ishe ka? Kada ka zo ka ce mini ƙari." Na ce ta isa har da saura. A lissafina, sha biyu da rabi na gama.

Daren Asabar

Bayan Magariba muka fara, ni da yaron. Wutar gari ba ta nan tun la'asar, janareta ke ɗauke da mu. Na dakatar da shigowar wasiƙu daga kamfanin tacewa, don su taru a can. Na kashe manhajar riga-kafin bairos, wadda takan riƙe fayil a hana shirin kafawa taɓa shi. Na sauke rumbunan biyu, na duba kowanne da eseutil /mh, duka suka nuna Clean Shutdown, wato sun rufu lafiya.

Daga nan na kwafe fayilolin .edb biyun zuwa faifan waje. Gigabayit 400 ta kebul ɗin USB, ya ci sa'a ɗaya da 'yan mintoci, duba lafiyar shafukan kwafin da eseutil /k kuma ya ƙara cin wani lokacin. Yaron ya ce, "Oga, ba jiya muka yi kwafin ajiya ba? Wannan kuma na mene ne?" Na ce na jiya na jiya ne, wannan kuwa hoton rumbun ne a daidai lokacin da tsohon inji ya ajiye shi, kafin sabo ya taɓa. Ban san a lokacin cewa kwafin nan ne zai fitar da mu ba. Al'ada ce kawai da na riƙe tun wani aiki da ya taɓa ƙona ni.

Tsaiko na farko ya zo wajen binciken sharuɗɗa. Tun daga CU22 na Satumbar 2021, Exchange yana bukatar wani ƙaramin shiri mai suna IIS URL Rewrite, ni kuma na tsallake shi a jerina. Ƙaramin fayil ne, amma sabar ba ta fita intanet kai tsaye, netwok ɗin waya kuma a ɗakin nan ba ya kamawa sosai. Minti arba'in suka tafi. Da na sa shi, shirin ya ce akwai sake kunnawa da ke jira. Na sake kunna sabar, sai Windows ta kama kafa wasu sabuntawa nata da suka daɗe a layi, ta rubuta kada a kashe kwamfuta. Sa'a guda muna kallon allo. Sha ɗaya da rabi ta wuce kafin na gama shirya Active Directory, sha biyu saura kaɗan na saki CU ɗin.

Ya tafi lafiya, mataki bayan mataki, ya kammala wajen ɗaya da minti arba'in. Na sake kunnawa, sabis-sabis suka tashi, rumbunan biyu suka hau kan sabon inji ba gardama. Na tura wa kaina wasiƙar gwaji ta shiga. Biyu saura minti goma na buɗe wa wasiƙun da suka taru tun yamma hanya, suka fara kwararowa.

Hankalina duk yana kan allo. Ban tuna da agogo ba, ban kuma tura yaron ya gaya wa maigadi ya dakata ba. Ƙarfe biyu daidai janareta ya yi shiru. UPS ya yi ƙara, yaron ya zabura ya nufi ɗakin janareta, kafin ya kai ƙofa sabar ta mutu. Batirin bai riƙe minti ɗaya ba.

Na fita na samu dattijon yana rufe ɗakin. Na ce, "Baba, a taimaka a sake tayar mana, aiki bai ƙare ba." Ya ce, "Ɗana, biyu aka ce mini, biyu na kashe. In da ka aiko ai da na bari." Gaskiyarsa ce. Abin da aka umarce shi ya yi, a kan lokaci. Ya duba tanki ya ce man zai kai asuba, ya tayar.

Rumbun da ya ƙi hawa

Sabar ta tashi. Ƙaramin rumbun ya koma log ɗinsa da kansa, ya ƙarasa juyewa, ya hau. Babban ya ƙi. eseutil /mh ya nuna Dirty Shutdown, wato bai rufu lafiya ba, ya kuma lissafa log ɗin da yake bukata. Duka suna cikin jakar. Na bi su da eseutil /ml, sai na ƙarshe, wanda injin ke cikin rubutawa lokacin da wuta ta yanke, ya ba da kuskure mai lamba -501, wato log ya lalace.

Wannan ya ɗaure mini kai, domin ESE ba ya cewa ya karɓi wasiƙa sai faifai ya tabbatar masa an rubuta. Yankewar wuta kaɗai bai kamata ta yaga log haka ba. Na shiga saitin katin RAID, a nan na ga dalili. Katin yana da 'yar ma'ajiyar wucin gadi da yake tara rubutu kafin ya kai faifai, da ƙaramin batiri da ke riƙe ta in wuta ta yanke. Batirin ya mutu tun tuni. A ƙa'ida, in batirin ya mutu katin kan daina tarawa ya koma rubutu kai tsaye, ko da zai rage sauri. Wanda ya kafa sabar ya tilasta masa ya ci gaba da tarawa ko da batiri ko babu. Ke nan katin yana ce wa injin "na rubuta" alhali abin yana hannunsa, wuta na yankewa ya zube. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in ya yi wa log haka, ba abin da zai hana ya yi wa shafukan .edb ɗin kansa.

Yaron yana ta bincike a wayarsa. Ya miƙo mini. "Oga, ga shi nan kowa yana cewa a yi eseutil /p, zai hau."

Zai hau, wannan gaskiya ne, shi ya sa shawarar ta cika intanet. Amma /p ba ya dawo da abin da ya lalace. Bin rumbun yake shafi-shafi, duk wanda ya kasa karantawa ya yanke shi ya yar, ya ɗinke sauran, ya rubuta cewa an rufu lafiya. Abin da ke kan shafin da aka yar, ko takardar banki ce ko jakar wani gaba ɗaya, ya tafi, kuma ba zai ba ka jerin wasiƙun da suka tafi ba. Log ɗin da ba a juye ba ma sun tashi aiki daga nan. A rumbu mai gigabayit 310 zai ci sa'o'i masu yawa, ba a katse shi, mu kuwa man da zai kai asuba kawai muke da shi. Bayan ya gama kuma rumbun ba abin amincewa ba ne, sai an kwashe akwatunan zuwa sabo. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. /p na wanda ba shi da kwafi ko ɗaya ne, ya riga ya fid da rai. Ni ina da kwafi biyu.

Na fara da mai da katin RAID kan rubutu kai tsaye. Ban taɓa rumbun da ya lalace ba, na dai sake masa suna na ajiye shi gefe, na kwafe dukkan log zuwa wata jaka don in na yi kuskure in samu na komawa. Sannan na dawo da kwafin da na ɗauka da yamma. Shi a rufe yake lafiya, shafukansa an duba su, abin da kawai ya rasa shi ne canje-canjen da aka yi daga lokacin da rumbun ya hau sabon inji zuwa ƙarfe biyu, waɗannan kuwa suna cikin log. Dawo da shi ya sake cin kusan sa'a guda. Na ware log ɗin da ya yage, na cire fayil ɗin .chk don injin ya faro daga baya ya bi jerin da kansa, na saki eseutil /r. Ya bi log ɗin ɗaya bayan ɗaya ya juye su cikin kwafin, ya tsaya a na ƙarshe mai lafiya. Na duba: Clean Shutdown. Ana kiran assalatu a masallacin unguwar rumbun ya hau.

Asarar ba ta wuce abin da ke cikin log ɗaya ba, wato bai fi megabayit 1 ba. Sai dai megabayit ɗaya na iya zama takardar da kamfani ke jira. Na fitar da tarihin bin sawun wasiƙu na mintocin ƙarshe, na gwada da jerin da kamfanin tacewa ya nuna ya miƙo. Wasiƙu uku ne sabar ta ce ta karɓa amma ba sa cikin akwati. Biyu talla ne. Ta ukun daga wani mai kawo taki ce zuwa ga mai sayen kaya, ɗauke da sabon farashi. Kamfanin tacewar yana riƙe kwafi na 'yan kwanaki, na sa aka sake turo su.

Facin tsaro, wanda saboda shi aka yi duk wannan, ban sa shi a daren ba. Mutumin da ya kwana a tsaye bai kamata ya sake taɓa saba ba. Na kashe ta cikin tsari, muka yi sallah, na koma gida. Ranar Lahadi da yamma, bayan na sa an sayo sabbin batiran UPS, na dawo na sa SU na watan Mayu. Daga wannan watan ne Microsoft ta fara fitar da shi a fayil mai neman izinin shugaban kwamfuta da kansa. Kafin nan, wanda ya danna fayil ɗin sau biyu kawai ba tare da wannan izini ba, facin kan hau rabi da rabi ya bar shafin imel na burauza a karye, kuma sabobi da yawa sun sha wannan a Maris ɗin 2021. Na gudanar da HealthChecker, shirin Microsoft na duba lafiyar Exchange, ya nuna sabar ta cika.

Safiyar Litinin

Ma'aikata suka zo suka buɗe Outlook, wasiƙu suna nan. Ƙorafi ɗaya aka yi: in mutum ya nemi tsohuwar wasiƙa da suna, ba ta fitowa. A Exchange 2016 fihirisar bincike a wata jaka daban take kusa da rumbu, kuma tunda na dawo da kwafi sai da na goge ta don ta sake ginuwa. Ta ɗauki kwana biyu.

Na rubuta wa Alhaji rahoto shafi biyu, na kai da hannuna, Hajiya tana zaune. Na faɗi abin da ya faru yadda ya faru: lissafin lokacina ya gaza, ban duba batirin UPS da katin RAID ba alhali aikina ne, kuma ban aika wa maigadi ba. Hajiya ta ce a kira maigadin a ji dalilin da zai kashe inji yana ganin mutane a ciki. Na ce, "Hajiya, don Allah a bar shi. Umarnin da aka ba shi ya bi. In akwai mai laifi a nan, ni ne." Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To yanzu wasiƙa nawa muka rasa?" Na ce ko ɗaya. Ya ce, "Wayar fa?"

Ba a ranar na buɗe ba. Sai da aka canza batirin katin RAID, aka sa kebul tsakanin UPS da saba don in batiri ya kusa ƙarewa ta kashe kanta cikin tsari, aka kuma raba babban rumbun gida biyu ta hanyar matsar da akwatuna a hankali cikin dare huɗu. Kwafin ajiya ya koma kullum, yaron yana dawo da akwati ɗaya duk wata don gwaji, yana rubuta sakamakon a littafi. Bayan mako uku na buɗe ƙofa ta 443, na saita wa Alhaji wayarsa.

Na so a sayi saba ta biyu. Exchange yana da tsarin da ake kira DAG, inda sabobi ke riƙe kwafin rumbun juna ta hanyar tura wa juna log, a yi wa ɗaya faci ɗaya tana aiki, ba sai an kwana ana tsere da agogo ba. Da akwai ta, daren nan da bai wuce juya aiki zuwa ɗayar ba. Alhaji ya ga kuɗin na'ura da lasisi da ƙarin man da za ta sha, ya ce a dakata sai bayan kaka. Ban ga laifinsa ba, kuɗin ba kaɗan ba ne ga kamfani irin nasa.

Tun daga nan mun yi wa sabar faci sau da yawa. Yanzu da rana muke yi, ranar Lahadi, in ƙiyasta lokaci in ninka shi biyu kafin in nemi mai, kuma kafin in taɓa komai nakan je wurin maigadi da kaina in ce masa kada ya kashe sai ya ga na fito na gaya masa da bakina. CU23 ita ce ta ƙarshe ga Exchange 2016, kuma Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa masa. Na rubuta wa Alhaji hanyoyi biyu da kuɗin kowacce: a hau sabon Exchange a kan sabuwar na'ura, ko a kwashe akwatunan zuwa Microsoft 365, wato sabobin Microsoft ɗin kanta, a riƙa biya da dala duk wata. Hajiya ta fi karkata ga ta farko saboda canjin kuɗi, ni na fi karkata ga ta biyu saboda wuta.